Yadda za ka rubuta labarin yaron zango a sakandare

Shekara 16 ke nan ina koyar da adabi a wata sakandare a nan Kumasi, ƙasar Ghana, shida daga ciki kuma ni ke riƙe da ɗaya daga gidajen kwanan yara maza. Duk hutu ba na rasa wani matashi daga unguwannin zango, Aboabo ko Sawaba ko Asawase, da zai tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, akwai wani ɗan labari da na rubuta, ko za ka duba mini?" A waya yake turo shi, kashi-kashi. Jigon kuwa kusan kullum ɗaya ne: yaro ɗan sakandare, da amininsa, da yarinyar da ta hana shi barci.

Bara wani ya turo mini nasa. Yaron yana da baiwa, alƙalaminsa na tafiya. Amma tauraron labarin da motarsa yake zuwa makaranta, yana ajiye littattafai cikin akwatin ƙarfe a jikin bango, babbar damuwarsa kuma wace yarinya zai gayyata rawar ƙarshen shekara, irin dai abin da ake gani a finafinan Amurka. Na ce masa, "Kai da me kake zuwa makaranta?" Ya ce tirotiro, wato motar haya, ranar da kuɗin mota ya tafi wajen koko da ƙosai kuma ya taka da ƙafa. Na ce, "To ina wannan yaron a cikin labarinka?" Ya yi shiru can, sannan ya ce, "Malam, wa zai karanta labarin irinmu?"

Tambayar nan ta daɗe tana ci mini rai. Ni zan karanta, ƙannensa za su karanta, yaran Nima da Madina da Tamale ma za su karanta, domin ba su taɓa ganin kansu a takarda ba. Saboda shi da irinsa na zauna na rubuta abin da na saba gaya musu da baki.

Fara da akwatinsa

Kafin ka raɗa wa yaron suna, ɗauki takarda ka lissafa duk abin da zai tafi da shi makaranta ranar farko. Akwati biyu ne, na ƙarfe na tufafi, da na katako na abinci wanda ɗalibai ke kira cop-bos. Garin rogo olonka nawa, wato mudu nawa, aka zuba masa? Sukari, gyaɗa, madarar gari, sadin gwangwani nawa? Ga katifa, ga bokiti, ga adda da tsintsiya. Wa ya biya kuɗin, uwa ce ta kwashi adashinta, ko kawu ne ya turo daga Jamus? Akwatin sabo ne, ko na yayansa ne aka shafe sunan da fenti aka rubuta nasa, har yanzu tsohon sunan yana leƙowa ta ƙarƙashi? Kafin ka gama wannan lissafi ka riga ka san gidansu, ka san abin da zai ji kunyar a gani, ka san abin da zai yi faɗa a kansa.

Ni a 1997 na shiga sakandare ta kwana. Mma, mahaifiyata, koko take sayarwa a Aboabo. Daren da zan tafi ta raba dare tana soya shito, yajin nan namu da ake soyawa da mai, ta cika mini gwangwanin Milo, ta ɗaure bakin da leda. Ban yi mako guda ba wani siniya, ɗalibin ajin sama, ya sa na buɗe akwatina, ya juye shiton a kwanonsa ya miƙo mini gwangwanin. Ban gaya wa kowa ba. Ban kuma wanke gwangwanin ba har aka yi hutu. Da dare, bayan an kashe fitila, nakan buɗe shi a hankali in shaƙi ƙamshin in rufe. Da wani ya tambaye ni a lokacin ko ina kewar gida, da rantse masa zan yi cewa a'a.

Duk abin da zan faɗa a gaba daga nan ya fito. Yaro namiji mai shekara 16 ba ya faɗin abin da ke ransa, sau da yawa ma bai san sunan abin ba. Idan ka rubuta "kewar mahaifiyarsa ta lulluɓe shi", ka gaya mini labari ne kawai, ban ji komai ba. Ba shi gwangwanin ya riƙe. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to yaran da na riƙe a gidan kwana har fuskar sun iya ɗaurewa. Sai dai ka duba hannunsu da aljihunsu, da abin da suka ɓoye ƙarƙashin katifa.

Bar tsarin makarantar ya yi maka aiki

Sababbin marubuta sukan ƙago hatsarin mota ko ciwon daji don labari ya motsa. Ba ka bukatar su. Tsarin karatunmu na Ghana cike yake da abin da ke raba mutane. Yara biyu sun tashi lungu ɗaya, sun yi makarantar allo ɗaya, sun rubuta BECE, jarrabawar shiga babbar sakandare, a aji ɗaya. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba ɗalibai zuwa sakandare bisa sakamakonsu da makarantun da suka zaɓa. Sai ta kai ɗaya Prempeh ko Opoku Ware, manyan makarantun maza na Kumasi, ta bar ɗayan a makarantar jeka-ka-dawo ta bayan gari. Babu wanda ya yi wa wani laifi, amma daga ranar gaisuwarsu ta sauya.

Ka yanke shawarar shekarar da labarin ke faruwa, domin ta shafi komai. Kafin Satumban 2017 ana korar yaro gida saboda kuɗin makaranta, kuma wannan tafiya daga ƙofar makaranta zuwa tasha da rana tsaka babi ne guda. Bayan gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kawo karatun sakandare kyauta, wannan ya kau, cunkoso ya zo. A 2018 aka raba ɗaliban makarantu da yawa gida biyu, layin kore da layin zinare, waɗannan na makaranta waɗancan na gida. Ka duba abin da wannan zai yi wa yaron da yake layin kore, yarinyar da yake so kuma tana layin zinare, amininsa ma yana zinare.

Sai fannin karatu. Uba yana son kimiyya don a samu likita a gida, yaro kuwa hannunsa na zane. Sai WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, da ke jiran kowa a ƙarshen shekara ta uku, makinta daga A1 har F9, inda D7 guda a lissafi ke iya tsare ƙofar jami'a, yaro ya koma sake rubutawa a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara yayin da abokansa ke ɗora hotuna daga jami'ar KNUST ta Kumasi. Shekara ukun nan su ne ƙashin bayan labarinka. Rubuta su a gefe, wata-wata, da azumi da sallah da hutu da ranar ziyarar iyaye, sannan ka ɗora al'amuranka a kai.

Ka san yininsa kamar yadda ka san naka. Ɗan zango a gidan kwana yakan riga ƙararrawa tashi saboda asuba, ya yi alwala da ruwan da ya ɓoye a galan tun jiya. Shara, wanka a layi, taro, aji, ɗakin cin abinci, karatun dare, kashe fitila. Da azumi kuwa ya adana abincin rana a kwano har magariba, ya yi sahur da jiƙaƙƙen gari a duhu tare da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA. Abokin gadonsa Kirista ne daga Mampong, wanda wata rana zai ajiye masa rabin burodinsa don buɗa-baki ba tare da ya ce uffan ba. Irin wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa karanta shi a labarin kowa ba.

Aminin

A nan nake son ka fi daɗewa, domin a nan mafi yawan rubutun da ake turo mini ke da rauni. Marubucin yakan zuba duk ƙarfinsa a kan yarinyar, aminin kuma ya zama ɗan aike, ko mai ba da dariya, ko mai cewa "ka yi haƙuri, abokina" a ƙarshen kowane babi. A shekarun nan kuwa amini ya fi budurwa nauyi a rayuwar yaro. Budurwar a wata guda zai iya ganinta sau biyu. Aminin da shi ake jiƙa gari a kwano ɗaya, shi ya san ranar da aljihu ya bushe, shi ya san cewa uban yaron ya daina kwana a gida.

Ba wa aminin abin da yaronka ba shi da shi, ka kuma hana shi wani abin da yaronka ke da shi. Ɗaya yana da kai, ɗaya yana da baki da farin jini. Ɗaya uwarsa na zuwa duk ranar ziyara da kular waace, wato shinkafa da wake, da kaza, ɗayan yakan tafi bayan aji ya zauna da littafi a ranar don kada a ga babu mai zuwa wajensa. Kowannensu yana ɗan hassadar ɗan'uwansa, yana kuma jin kunyar hassadar. Kada ka bari ɗayansu ya faɗi wannan da baki.

Akwai wani aminin da nake ganin ya fi kowa dacewa da labarin Kumasi: wanda bai wuce sakandare ba. Bayan BECE aka kai shi Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, koyon kanikanci. Yaronka ya dawo hutu da farar riga da Turanci a bakinsa, ya tarar da abokin nasa da baƙin mai a farce da 'yan sidi a aljihu. Da dare a majalisarsu, wadda muke kira bes, ana dafa shayin ataya, abokin ne ke sayen tsire, ɗan makaranta kuma yana ci yana jin abu ya tokare masa wuya. Wa ya fi wani a cikinsu? Su kansu ba su sani ba. Wata rana abokin zai ce yana tara kuɗin bin hanyar Agadas zuwa Libiya, ya roƙi yaronka kada ya gaya wa kowa. Ga ka da nauyin da zai ɗauki rabin littafi.

Idan lokacin ɓatawa ya zo, sa ta zo ta ƙaramin abu. Sidi 20 da aka ara ba a biya ba. Wayar da aka ɓoye a silin, malamin gida ya kama, aka tambayi ta wace ce, ɗaya ya yi shiru ya bar ɗan'uwansa ya sha hukuncin. Takardar satar amsa, wadda yara ke kira apo, da ɗaya ya samu ya ƙi nuna wa ɗayan, ko ya nuna masa shi kuma ya ƙi karɓa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka ka fara tsaga bangon tun babi na biyu, siririyar tsaga wadda mai karatu ba zai lura ba sai daga baya. Kuma ka tuna yadda maza ke shiryawa. A shekara shidan da na yi a gidan kwana ban taɓa jin yaro ya ce wa abokinsa "ka yafe mini" ba. Abin da nake gani shi ne, bayan mako uku ba sa magana, ɗaya ya turo kwanon gari tsakiya ya ajiye cokali biyu.

Wani abu kuma da bai kamata ka tsallake ba shi ne siniyan da ke ɗaukar sabon ɗalibi a matsayin ɗansa na makaranta. Yana kare shi daga sauran, shi kuma yana yi masa wanki da guga da ɗebo ruwa. Akwai ƙauna a ciki, akwai zalunci, kuma bayan shekara biyu yaronka ne zai zama siniya ya tsaya a kan akwatin wani ƙaramin yaro. Abin da ya yi a wannan rana shi zai nuna mana ko wane ne shi.

Yarinyar

Abu na farko, ba ta abin da take so a duniya wanda ba yaronka ba ne. Tana son ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Tana son ta wakilci makarantarsu a gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa da ake nunawa a talabijin. Tana tashi ƙarfe huɗu ta taya uwarta dafa waace kafin ta tafi aji, kuma tana jin ana zancen wani ɗan kasuwa da ya fara aiko da gaisuwa gidansu. Idan ka cire yaron daga labarin ka ga ba ta da sauran abin yi, to ba ka rubuta mutum ba tukuna, koma ka sake.

Na biyu, a ina za su haɗu? Littattafan soyayyar Kano da yayyenmu mata ke karantawa suna da zaure da falo da saurayi mai zuwa zance da mota. Wannan na can ne, kuma na manya ne. Yaronka ba shi da hurumin zuwa ƙofar gidansu, yayanta ma yana zaune a bes ɗin bakin layi. Wurarensu su ne darasin hutu, da layin famfo, da bikin aure ranar Lahadi inda aka toshe titi da rumfa, da yawon sallah, da filin wasa na Baba Yara ranar gasar guje-guje ta makarantu, inda kowace makaranta ke rera waƙoƙinta, shi kuma yana ta laluben fuska ɗaya cikin dubban 'yan mata masu kaya iri ɗaya. A zamaninmu wasiƙa ce ke tafiya ta hannun ɗalibin jeka-ka-dawo, a jira amsa mako biyu. Yanzu WhatsApp ne, amma tunda ba a yarda da waya a makarantar kwana ba, jiran bai mutu ba. Yi amfani da shi. Yaron da ya karanta saƙo mai kalma huɗu sau talatin yana neman ma'ana ta biyar ya fi mini wanda ya rera baiti goma.

Ka riƙe kunya. Yara ne, kuma 'ya'yan unguwar da kowa ya san kowa. Soyayyarsu a wannan shekaru kallo ce, da aron littafi, da ƙarin cokalin shito a kan waacen da ya saya, da zuciyar da ke bugawa don an ambaci suna. Abin da ya wuce wannan ba ya cikin labarin da nake koya maka. Ka bar tsoron Allah da tsoron idon unguwa su kasance a zuciyar yaron da gaske, yana fitowa daga makarantar Islamiyya ranar Asabar yana jin abin da malam ya faɗa, yana kuma jin abin da yake ji.

Kada kuma ka gaggauta sa aminin ya ƙwace ta. An yi wannan har an gaji. Ya fi ciwo idan aminin ne ya kai wasiƙun duka da amana, sai yaronka ya fara zarginsa a banza, ya rasa aboki saboda laifin da ba a yi ba.

Iyaye da malamai kuwa, kada ka mai da su gumaka masu wa'azi ko azzalumai zalla. Uban da ya daka wa ɗansa tsawa a kan sakamako, shi ne kuma ya sayar da babur ɗinsa don kuɗin darasin hutu bai gaya wa kowa ba. Layi biyu sun isa.

Wace Hausa?

Wannan tambayar ba ta da sauƙi a wajenmu. Hausarmu ta zango ba ta Kano ba ce. Mukan ce "yarinyan ya zo", ba ma raba namiji da mace a magana, mukan ce sukuu maimakon makarantar boko, kuma yaro ɗaya a jimla ɗaya zai haɗa Hausa da Turancin titi da Twi, wanda tsofaffinmu ke kira Tonanci. Abin da nake ba da shawara shi ne, muryar mai ba da labari ta tsaya a daidaitacciyar Hausa don na Zinder da na Zariya su bi ka, bakin yaran kuma ka bar masa ɗanɗanon gida. Ba kowace kalma za ka kwafo ba, 'yan kaɗan da ke dawowa sun isa kunne ya gane inda yake. Ka lura kuma da lokacin da yaronka ke sauya harshe. Da Mma Hausa, da abokan aji Turancin titi, da mai tirotiro Twi. Ranar da ya yi wa amininsa na Suame magana da Turancin aji a gaban mutane, mai karatu zai ji marin ba sai ka yi masa bayani ba.

Sunaye ma haka. A makaranta ba a kiran kowa da sunan yanka. Nemo masa laƙabin da aka liƙa masa a makon farko saboda wani abin kunya, ka bar yarinyar ta zama ita kaɗai ke kiransa da sunansa na gaskiya.

Bayan ka gama

Ajiye rubutun mako biyu kada ka taɓa. Sannan ka bi shi da jan biro, duk inda ka rubuta "ya ji baƙin ciki" ko "farin ciki ya kama shi" ka ja layi, ka tambayi kanka me hannunsa ke yi a lokacin. Rabinsu za ka maye su da aiki, sauran ka goge. Duk jawabin da ya wuce layi huɗu a bakin yaro, yanke shi biyu.

Ƙarshen labarin kada ya zama aure, shekarunsa 18. Kada kuma ya zama dole sai ya ci A1 takwas. Tsaya a wuri ƙarami: ranar da sakamako ya fito, ya sayi katin dubawa, ya kasa buɗewa, ya miƙa wa aminin da suka yi wata biyar ba sa magana wayar ya ce, "Duba mini."

Daga nan ka nemi yara biyu ko uku 'yan aji biyu na sakandare, ka saya musu burkina, gero da nono, mai sanyi, ka karanta musu babi uku da babbar murya. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi saboda kunyarka. Kalli hannunsu. Shafin da suka jawo waya suka fara latsawa, yi masa alama ka sake rubuta shi. Inda kuma ɗaya ya katse ka ya ce, "Yaya, ai ba haka ake yi ba, a gidanmu siniya ba ya taɓa akwati da kansa, kai yake sa ka buɗe," ajiye takardar ka ɗauki biro ka rubuta duk abin da zai faɗa.